Dillalan caca a intanet: yadda suke karanta niyyar mai bincike, da dalilin da ya sa hukumomi suka sa musu ido

Duk wanda ya taɓa neman hasashen wasan ƙwallo a Google, da wuya a ce bai ci karo da shafukan da ke jera kamfanonin caca daga na ɗaya zuwa na goma ba, kowanne da taurarinsa da maɓallin “yi rajista yanzu”. Wasu na ɗauka shafin na kamfanin cacar ne. Wasu kuma na ɗauka jarida ce mai zaman kanta da ke ba da shawara tsakani da Allah. Galibi ba ko ɗaya ba ne. Shafin dillali ne, kuma la'adarsa na fitowa ne daga aljihun kamfanin da ya tura mutum wurinsa.

A 'yan shekarun nan ƙasashe da dama sun fito da dokoki a kan wannan dillanci, kuma dokokin ba su yi kama da juna ba. Italiya ta hana tallar caca kusan gaba ɗaya. Jamus ta bar tallar amma ta hana wani nau'in la'ada. Birtaniya kuwa ta ɗora laifin dillali a wuyan kamfanin da ya ɗauke shi aiki. Kafin a gane dalilin wannan bambanci, sai an fara gane ainihin hajar da dillalin ke sayarwa, wato niyyar mutumin da ya shigo shafinsa.

Wane ne dillalin, kuma ta yaya ake biyansa

Dillancin intanet ya daɗe, kuma ba da caca ya fara ba. Tun a 1996 kamfanin Amazon ya buɗe tsarin da mai shafi zai tallata kaya, in an saya ta hanyarsa a ba shi kamasho. Kamfanonin caca sun ɗauki wannan salo suka faɗaɗa shi. Dillali yana buɗe shafi, ya rubuta bayanai da bitar kamfanoni, ya sa mahaɗi mai ɗauke da lambarsa. In mai ziyara ya latsa, ana ajiye wani ɗan guntun bayani a wayarsa ko kwamfutarsa, wanda ake kira kuki, domin in ya yi rajista a san wanda ya kawo shi.

Hanyoyin biyan la'ada uku ne. Ta farko ita ce kuɗi tsayayye a kan kowane sabon ɗan caca da ya yi rajista ya kuma zuba kuɗin farko, wadda 'yan harkar ke kira CPA. Ta biyu ita ce rabon riba, inda dillali ke karɓar kaso daga abin da kamfani ya samu a hannun mutumin da ya kawo, wata bayan wata, wani lokaci muddin asusun na aiki. Ta uku gauraye ce ta biyun.

Wannan hanya ta biyu ita ce ke buƙatar a tsaya a kanta, domin abin da ake kira ribar kamfani a nan shi ne asarar ɗan caca, bayan an cire garaɓasa da haraji da wasu kuɗaɗen gudanarwa. Ɗauki misalin yarjejeniyar kashi 30 cikin ɗari. In mutumin da dillali ya kawo ya yi asarar da ta bar wa kamfani dala dubu, dillali na da dala 300. In kuwa mutumin ya ci, dillali ba shi da ko sisi, kuma a wasu yarjejeniyoyin ana ɗauko giɓin a cire shi daga la'adar wata mai zuwa. Ke nan dillalin da ke kan rabon riba ba yawan jama'a kawai yake nema ba, yana neman waɗanda za su daɗe suna zuba kuɗi.

Harkar kuma ba ta ƙananan masu shafuka kaɗai ba ce. Kamfanin Better Collective, wanda aka kafa a Kopanhagen a 2004, ya sayi Action Network na Amurka, wani shafin bayanan cacar wasanni, a 2021 a kan dala miliyan 240. A wannan shekarar ce Gambling.com Group ya shiga kasuwar hannayen jari ta Nasdaq. Catena Media kuma yana gudanar da harkarsa daga Malta, tsibirin da kamfanonin caca da yawa suka mayar mazauninsu.

Me ake nufi da niyyar mai ziyara

A 2002 wani masanin kwamfuta mai suna Andrei Broder ya raba binciken da mutane ke yi a intanet gida uku: mai neman bayani, mai neman isa wani shafi da ya riga ya sani, da mai son aiwatar da wani abu kamar saye ko rajista. Daga baya 'yan talla suka ƙara na huɗu, wato mai kwatanta haja kafin ya yanke shawara. A kan wannan rabe-rabe aka gina kusan duk dabarun dillalan caca.

Misali zai fi fito da abin fili. Ga mutum huɗu sun shigo shafi ɗaya a dare ɗaya. Na farko ya rubuta “yaya ake buga rulet”, wato wasan cacar da ake jefa 'yar ƙwallo a kan faifai mai juyawa. Wannan sha'awa ce ta sani, mai yiwuwa ma fim ya kalla, kuma in aka tare shi da maɓallin rajista mai walƙiya zai rufe shafin ya kama gabansa. Na biyu ya rubuta sunan wani kamfani haɗe da kalmar shiga. Wannan yana da asusu tuntuni, hanya kawai ya ɓata, dillali ba zai samu komai a kansa ba. Na uku ya rubuta sunayen kamfanoni biyu yana tambayar wanne ya fi saurin biyan kuɗi. Na huɗu kuwa ya rubuta “lambar garaɓasar sabon asusu ta yau”. Wannan na huɗun katin bankinsa na hannu, dannawa ɗaya ta rage.

Abin da dillali ke kira nasara shi ne ciniki ya faɗa, wato mai ziyara ya tashi daga mai kallo ya koma mai asusu da ya zuba kuɗi. Ana auna wannan mataki-mataki: mutum nawa suka shigo, nawa suka latsa mahaɗin, nawa suka yi rajista, nawa suka kai ga zuba kuɗin farko. A kowane mataki jama'a na zubewa, kuma tazarar da ke tsakanin rajista da zuba kuɗi ita ce ta fi ci wa dillalai tuwo a ƙwarya, saboda a nan ake neman katin shaida da tabbacin shekaru. Shi ya sa shafin da ke samun baƙi dubu ɗari masu neman bayani zai iya gaza wanda ke samun dubu biyar irin mutum na uku da na huɗu.

Dabarar dai ita ce a ba kowa abin da ya zo nema. Mai neman bayani a ba shi bayani, a roƙi adireshin imel ɗinsa ko a ja shi zuwa wani shafi na gaba, a yi haƙuri da shi. Mai kwatance a shimfiɗa masa jadawali mai nuna lasisi, hanyoyin zuba kuɗi, tsawon lokacin cire kuɗi da sharuɗɗan garaɓasa. Wanda ya riga ya shirya kuma a gajarta masa hanya. Ban da kalmomin bincike, dillalai na duba ƙasar da mutum yake, na'urar da yake amfani da ita, lokacin da ya shigo da inda ya daɗe yana karantawa. Sukan kuma gwada fuska biyu ta shafi ɗaya, rabin baƙi su ga wannan rabi su ga waccan, a riƙe wadda ta fi kawo rajista.

Har zuwa nan babu abin da ya bambanta wannan da tallar takalmi ko tikitin jirgi. Hasali ma, shafin da ya amsa tambayar mutum na uku da gaskiya ya yi masa amfani, domin sanin kamfanin da ke da lasisi da wanda ke jan ƙafa wajen biya abu ne da ke kare kuɗinsa.

Lissafin garaɓasa

Garaɓasar maraba ita ce ƙugiyar da ta fi kama mutum na huɗu, kuma a nan ne bayanin da aka bari a ƙananan haruffa ya fi na manyan muhimmanci. A ce mutum ya zuba dala 100 an ƙara masa dala 100, da sharaɗin sai ya juya kuɗin garaɓasar sau 35 kafin ya cire. Wannan na nufin sai ya yi cacar dala 3,500. In wasan da yake bugawa yana mayar wa 'yan wasa kashi 96 cikin ɗari na abin da aka zuba, a matsakaicin lissafi zai bar kashi 4 na wannan adadi a hannun kamfani, wato dala 140. Asarar da ake tsammani ta haura kyautar da aka ba shi. In da sharaɗin sau 10 ne, cacar da zai yi ta dala 1,000 ce, asarar da ake tsammani kuma dala 40.

A 2025 Hukumar Kula da Caca ta Birtaniya ta sanar da cewa sharaɗin juya garaɓasa ba zai ƙara wuce sau 10 ba. Suwidin kuwa, tun da ta sake tsara kasuwarta a watan Janairun 2019, ta taƙaita garaɓasa ga sau ɗaya kacal, a farkon shigar mutum kamfani.

Inda gizo ke saƙa

Akwai mutum na biyar da littattafan koyar da talla ba su cika ambatonsa ba. Shi ne wanda da tsakar dare ya rubuta “yadda zan dawo da kuɗin da na rasa a caca”, ko yake neman kamfanin da ba ya tambayar katin shaida, ko kamfanin da ba ya cikin tsarin hana kai shiga caca. A ma'aunin dillali, niyyar wannan mutum ta fi ta kowa ƙarfi. Zai yi rajista nan take, zai zuba kuɗi, kuma zai dawo. A ma'aunin likita kuwa, bin bayan asara da nufin fanshewa yana cikin manyan alamun cutar kamuwa da caca, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cikin cututtukan jaraba a kundinta na ICD-11 da ya fara aiki a 2022.

Wannan ita ce tsakiyar matsalar. Alamar da ke nuna cinikin ya kusa faɗawa da wadda ke nuna mutum na cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi sau da yawa alama ɗaya ce. Na'urar da ke ƙirga dannawa ba ta bambance su, sai dai in mai shafin ya zaɓi ya bambance.

Birtaniya ta ga wannan a aikace. A 2018 aka ƙaddamar da GAMSTOP, tsarin da mutum zai sa sunansa don a toshe shi daga shafukan caca, kuma daga ƙarshen Maris na 2020 ya zama tilas ga duk kamfanin intanet mai lasisin ƙasar. Ba a jima ba sai ga shafukan dillalai da aka gina musamman a kan kalmomin masu neman kamfanonin da ba sa cikin tsarin, suna tura su wuraren da ba su da lasisin Birtaniya. Mutumin da ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa, shi aka je ana nuna wa taga.

Tun kafin nan ma, a watan Satumban 2017, hukumar sa ido kan tallace-tallace ta ƙasar, ASA, ta haramta wasu tallace-tallace da aka tsara kamar labaran jarida, masu ba da labarin wani mutum da bashi ya yi wa katutu ya kuma fita daga ƙangin ta hanyar cin caca. Dillalai ne suka wallafa su, amma hukumar ta ɗora alhakin a kan kamfanonin da aka tallata. A wannan shekarar ce kamfanin caca na Sky Bet ya rufe tsarin dillancinsa baki ɗaya.

Alƙaluman da wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya ya kawo a rahotonsa na 2020 sun nuna girman jarabawar da ke gaban duk mai cin la'adar rabon riba: kashi 60 cikin ɗari na ribar masana'antar na fitowa ne daga kashi 5 na 'yan caca, waɗanda ko dai sun riga sun faɗa matsala ko suna bakin faɗawa.

Hanyoyin da ƙasashe suka bi

Italiya ta ɗauki mataki mafi tsauri da dokarta ta 2018, wadda ta hana tallar caca a kafafen watsa labarai da intanet da kuma ɗaukar nauyin ƙungiyoyin wasa. Daga baya hukumar sadarwar ƙasar ta bar ƙofa ga shafukan da ke kwatanta farashin wasanni, wato abin da kowane kamfani ke biya in hasashe ya ci, a matsayin bayani zalla, abin da ya jawo muhawara kan inda bayani ya tsaya talla ta fara.

Jamus ta nufi tushen abin kai tsaye. Yarjejeniyar caca ta jihohinta da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2021 ta hana biyan dillali la'adar da ke hawa da sauka gwargwadon kuɗin da ɗan caca ya zuba ko ya buga. Ta kuma ƙayyade Yuro 1,000 a wata a matsayin iyakar abin da mutum zai zuba bisa ƙa'ida. Holan, wadda ta buɗe kasuwarta ta intanet a Oktoban 2021, ta hana tallar da ake watsa wa kowa da kowa daga Yulin 2023, kuma tallar intanet da ta rage sai mai ita ya nuna cewa aƙalla kashi 95 cikin ɗari na masu ganinta sun kai shekara 24.

Birtaniya ba ta ba dillalai lasisi na kansu. Ƙa'idarta ita ce kamfani ne zai amsa laifin duk wanda ke talla da sunansa. Ta kuma hana caca da katin bashi tun Afrilun 2020. A Amurka labarin ya sha bamban, domin hukuncin Kotun Ƙoli na Mayun 2018 ne ya soke dokar tarayya da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, kuma jihohi fiye da talatin sun halatta ta tun daga lokacin. Wasu daga cikinsu, kamar New Jersey, na buƙatar dillali ya yi rajista ko ya mallaki lasisi. A ɗaya gefen kuma akwai ƙasashe irin su Saudiyya da suka haramta caca ɗungurungum bisa hukuncin addini, inda batun daidaita talla bai ma taso ba.

Abin da ɓangarorin ke cewa

Manyan dillalai da kamfanonin caca suna kafa hujja da cewa mai son caca zai yi ta ko da talla ko babu, don haka gara a nuna masa kamfani mai lasisi, mai biyan haraji, mai tantance shekaru. A ganinsu, in aka rufe bakin dillalan da ke bin doka, shafukan bayan fage ne za su mamaye sakamakon bincike, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Wannan hujja na da ƙamshin gaskiya, domin shafukan da ba su da lasisi ba sa jin tsoron tarar kowace hukuma.

Masana lafiyar al'umma da ƙungiyoyin waɗanda caca ta ɗaiɗaita wa rayuwa suna cewa talla ba ta tsaya ga karkatar da masu caca daga wannan kamfani zuwa wancan ba, tana haifar da sababbi. Mutum na farko a misalinmu, mai tambayar yadda ake buga rulet, bai zo da niyyar zuba kuɗi ba. In bayan wata biyu na saƙonnin imel ya buɗe asusu, an gina masa niyyar ne, ba karanta ta aka yi ba. Suna kuma nuni da cewa jerin “kamfanoni mafi kyau” sau da yawa yana bin girman la'ada ne, ba ingancin kamfani ba, alhali mai karatu na ganin kamar alƙalanci ne.

Tsakanin ɓangarorin biyu akwai masu cewa a bar dillanci amma a gyara abin da ke tura shi: a hana rabon riba, a tilasta bayyana cewa shafin na karɓar la'ada, a kuma hana farautar kalmomin da ke nuna mutum na cikin matsala. Raunin wannan matsaya shi ne kuɗi tsayayye ma na da nasa aibin, tunda yana sa dillali ya tara kowane irin mutum don ƙirga kawuna, kuma kamfani kan ƙara wa dillalin da mutanensa suka fi kashe kuɗi farashi a yarjejeniya ta gaba. Ta bayan gida, asarar ɗan caca na sake shiga lissafin.

Abin da wannan ke nufi ga mai waya a hannu

Ga wanda ke zaune a ƙasar da ta tsaurara doka, sauyin da zai fara gani shi ne garaɓasa ta ragu, sharuɗɗa sun fito fili kusa da tallar, rajista kuma ta ƙara tsawo. Ga wanda ke ƙasar da sa idon hukuma ba shi da ƙarfi, abin na iya zama akasin haka, domin dillalan da aka matsa wa a wata kasuwa sukan karkata zuwa inda ƙofa ke buɗe, kuma shafi ɗaya na iya nuna wa mutane biyu a ƙasashe biyu kamfanoni daban.

Akwai abubuwan da mai karatu zai iya dubawa da kansa. Shafin da ke bin ƙa'ida yakan faɗi cewa yana karɓar la'ada, ya ambaci hukumar da ta ba kowane kamfani lasisi, ya rubuta sharaɗin juya garaɓasa kusa da adadinta. Lambar lasisin kuma ana iya neman ta a rajistar hukumar da aka ambata. Shafin da ke alkawarin ci tabbas, ko yake tallata rashin tantance shaida kamar wata falala, ya riga ya faɗi irin mutumin da yake farauta. Iyaye kuma su lura cewa shafukan hasashen wasanni da tashoshin Telegram da masu bidiyo da ke raba lambar rajista galibi dillalai ne, ko da ba su kira kansu haka ba, kuma yaron da ke neman sakamakon wasa na iya faɗawa hannunsu ba tare da ya nemi caca ba.

Wani sauyin kuma daga Google yake zuwa, ba daga majalisu ba. A 2024 kamfanin ya fara hukunta manyan shafuka, har da na jaridu, da ke ba da hayar wani sashe nasu ga 'yan talla don cin gajiyar sunansu a sakamakon bincike, salon da dillalan caca suka daɗe suna mora. A shekarar ce kuma ya fara sa taƙaitacciyar amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon. Mai tambayar yadda ake buga rulet yanzu yana iya samun amsarsa ba tare da ya shiga shafin kowa ba. In baƙi masu neman bayani suka ci gaba da raguwa, abin da zai rage wa dillalai shi ne masu niyya mai ƙarfi, kuma gasar kama su za ta ƙara zafi. A cikin wannan rukuni ne mutum na huɗu da na biyar suke rubuta kalmomi masu kama da juna.